Sawun Bawa Mai Gudu: Yadda Bauta Ta Jefa Amurka Cikin Yaƙin Basasa

Ranar Juma'a, 2 ga Yuni, 1854, birnin Boston ya wayi gari kamar gidan makoki. 'Yan kasuwa sun rufe kantuna, an rataya baƙaƙen ƙyallaye a tagogi, wasu har sun juya tutar Amurka kanta ƙasa. Mutum wajen dubu 50 ne suka yi cincirindo a gefen titin da ya gangara daga kotu zuwa bakin teku. Tsakiyar titin kuwa sojoji ne sahu-sahu, ga mahaya dawakai, ga igwa ana ja. Duk wannan gayyar saboda mutum ɗaya aka yi ta, wani saurayi baƙar fata mai kimanin shekara 20, sunansa Anthony Burns.

Laifinsa shi ne ya gudu daga bauta. Bawa ne a jihar Virginia, ubangidansa yana ba da hayarsa a birnin Richmond, har wata rana ya laɓe cikin jirgin ruwa ya iso Boston, ya sami aiki a wani kantin tufafi. Kewar gida ce ta tona masa asiri. Ya rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa, ta faɗa hannun ubangidan, shi kuwa ya biyo sawu, doka na goya masa baya. Mutanen gari sun yi yunƙurin ɓalle ƙofar kotu su ƙwace shi, har aka kashe ɗaya daga cikin masu gadi, amma haƙarsu ba ta cim ma ruwa ba. Shugaban ƙasa Franklin Pierce ya turo sojojin tarayya, aka kashe kimanin dala dubu 40 don a mayar da bawa ɗaya hannun mai shi. Shekara na zagayowa, wani limamin cocin baƙaƙen fata na Boston ya tara dala 1,300 ya fanso shi.

Abin da mutanen Boston suka gani da idonsu ranar, shekara 67 manyan ƙasar suka yi suna lulluɓe shi. Sun sha zaman sulhu tsakanin Arewa da Kudu, kowane zama a tashi da sabuwar yarjejeniya. Sai dai duk yarjejeniyar a kan wuyan bawa ake ƙulla ta, shi kuma ba a taɓa kiransa zaman ba, bai kuma taɓa yarda ba.

Tushen abin yana Philadelphia, inda aka rubuta kundin tsarin mulki a 1787. Wakilan Kudu sun ja daga cewa in za a taɓa musu bayi, to ba su cikin tarayyar. Aka lallashe su da abu uku. Wajen rabon kujerun Majalisar Wakilai, za a lissafa bayi biyar a matsayin mutum uku, ko da yake babu bawan da ke jefa ƙuri'a, wato yawan bayin mutum ƙarin ƙarfi ne ga jiharsa. Ba za a hana shigo da bayi daga Afirka ba sai 1808. Bawan da ya tsere zuwa wata jiha kuma dole a dawo da shi. Marubutan sun ji nauyin abin da suke yi, shi ya sa kalmar bawa ba ta fito ko sau ɗaya a kundin ba, sai kewaye-kewaye. Da yawa cikinsu suna zaton bautar za ta mutu don kanta, tunda taba ta cinye ƙarfin ƙasar Virginia, jihohin Arewa kuma sun fara 'yanta nasu bayin ɗaya bayan ɗaya.

Auduga ce ta rushe wannan zato. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa ta sa magurji a kan dutse tana raba kaɗa da angurya ya san aikin ba ya sauri. Irin audugar da ke yi a cikin ƙasar Kudu tana riƙe anguryarta tamau, mutum ya yini yana tsinta da hannu da ƙyar ya sami laba ɗaya. A 1793 wani matashi mai suna Eli Whitney ya ƙera injin gurza da ke yin laba 50 a yini. Masaƙun Lancashire a Ingila kuma a lokacin ba sa ƙoshi da auduga. Nan take gandaye suka bazu yamma, zuwa Alabama, Mississippi da Louisiana, aka kori 'yan asalin ƙasar daga filayensu, aka shiga neman hannayen da za su tsinci kaɗa.

A ƙidayar 1790 bayi kusan dubu 700 ne a Amurka. A ta 1860 sun doshi miliyan 4. An rufe hanyar teku a 1808, sai kasuwar cikin gida ta buɗe: mutum kusan miliyan ɗaya aka kwasa daga su Virginia da Maryland zuwa ƙasar auduga, wasu a jirgin ruwa zuwa kasuwar New Orleans, wasu a ƙasa, an jera su a sarƙa ana kora su tafiyar makonni. Dillali ba ya tambayar matar wane ce ko ɗan wane ne. Dab da yaƙi, ƙaƙƙarfan saurayi yakan kai dala 1,500 a gwanjo, kuma in aka haɗa kuɗin bayin ƙasar gaba ɗaya ya haura dala biliyan 3, ya fi abin da aka zuba a layukan dogo da masana'antu duka. Auduga kaɗai ta fi rabin kayan da Amurka ke sayarwa waje. Arewa ma hannunta ba tsarkakakke ba ne a nan: bankunan New York ne ke ba masu gandu bashi, jiragenta ke dakon dilolin, masaƙun Massachusetts ke saƙa zaren.

To me ya haɗa su faɗa? Sababbin filaye. Amurka ta sayi yankin Louisiana daga Faransa a 1803 a kan dala miliyan 15, ƙasar ta ninka girmanta. Kowace jiha, babba ko ƙarama, sanata biyu gare ta, saboda haka duk sabuwar jihar da za ta shigo sai an tambaya ɓangaren wa za ta ƙara wa nauyi. A 1819 jihohi 11 ne ke da bayi, 11 babu, sai Missouri ta nemi shiga da bayinta. Majalisa ta yamutse. A 1820 aka ɗinke ɓarakar: Missouri ta shiga da bauta, Maine ta shiga babu, aka kuma shata layi a taswira, aka ce arewa da shi ba za a sake kai bawa ba a sauran yankin. Tsohon shugaba Thomas Jefferson, wanda shi kansa ya mallaki ɗaruruwan bayi, ya rubuta wa wani aboki cewa rigimar ta firgita shi kamar ƙararrawar gobara da tsakar dare.

Shekarar 1831 ta sauya muryar kowa. A watan Janairu William Lloyd Garrison ya fara buga jaridar The Liberator a Boston, yana neman a 'yanta bayi nan take, ba tare da an biya iyayengijinsu ko kwabo ba. A watan Agusta wani bawa mai wa'azi, Nat Turner, ya jagoranci tawaye a Virginia, aka kashe fararen fata kusan 60, aka mayar da martani da kashe baƙaƙe masu yawa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Daga nan Kudu ta rufe kunne. Jihohi suka tsananta dokar hana koya wa bawa karatu. Daga 1836 zuwa 1844 Majalisar Wakilai ta hana kanta sauraron duk wani koke game da bauta. A 1837 Sanata John C. Calhoun na Carolina ta Kudu ya miƙe a majalisa ya ce bauta alheri ce ga bawa da ubangidansa, aka daina kiranta larurar da aka gada. A wannan shekarar ce 'yan zanga-zanga suka harbe ɗan jarida Elijah Lovejoy a Illinois, jihar da babu bayi, yana kare injin buga jaridarsa. Coci ma bai tsira ba: 'yan Methodist sun rabu gida biyu a 1844, 'yan Baptist a 1845, kowane ɓangare da ayoyinsa.

Duk wannan hayaniyar da za ta iya tsayawa a baki, da bayin sun zauna inda aka ajiye su. Ba su zauna ba. Frederick Douglass, wanda ke biyan murgu a tashar jiragen Baltimore, ya gudu a 1838 da shigar matuƙan jirgi, ya zama mai maganar da ba a iya kau da kai daga gare ta. Harriet Tubman ta tsere a 1849, ta koma Maryland wajen sau 13 cikin dare ta fito da mutum kusan 70. Akwai ma wanda ke da jinin ƙasar Hausa cikin masu gudun nan, Mahommah Gardo Baquaqua, ɗan garin Djougou da ke kan hanyar fataken goro zuwa Gwanja, mahaifiyarsa 'yar Katsina. An sayar da shi Barazil, jirgin ubangidansa ya kawo shi New York a 1847, ya tsere, kuma a 1854 aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit.

Yaƙin da Amurka ta yi da Meziko daga 1846 zuwa 1848 ya ƙara mata makeken yanki har Kalifoniya, tsohuwar tambaya ta dawo. Sulhun 1850 ya bar Kalifoniya ta shiga babu bauta, ya hana cinikin bayi a birnin Washington, ita kuma Kudu aka ba ta sabuwar dokar kamo bayin da suka gudu. Wannan doka ta kai matuƙa wajen zalunci. Wanda aka kama ba shi da bakin ba da shaida don kare kansa, kuma babu masu taya alƙali yanke hukunci. Jami'in da ke sauraron ƙarar yana karɓar dala 10 in ya miƙa mutumin ga mai da'awa, dala 5 in ya sallame shi. Wanda ya ɓoye bawa ko ya taimake shi gudu, tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida ke jiransa, kuma ana iya tilasta wa kowane mai wucewa ya taya farauta. Da can manomin Ohio yana iya cewa bauta matsalar wasu ce can nesa. Yanzu an kawo masa ita ƙofar gida. Dubban baƙaƙen fata suka tattara suka tsallaka Kanada, littafin Uncle Tom's Cabin na Harriet Beecher Stowe kuma ya fito a 1852, aka sayar da kwafi dubu 300 a shekarar farko.

A watan Janairun 1856 kogin Ohio ya daskare. Wata baiwa mai suna Margaret Garner ta taka ƙanƙarar cikin dare tare da mijinta, da 'ya'yansu huɗu, da surukanta, daga Kentucky zuwa Cincinnati. Gari na wayewa masu farauta suka kewaye gidan da suka fake. Kafin su ɓalle ƙofa, ta ɗauki wuƙa ta yanka 'yarta mai shekara biyu, don kada ta koma inda suka fito. Lauyanta ya so a tuhume ta da kisan kai a Ohio, ko ba komai za ta tsaya gaban shari'a a matsayin mutum. Aka ce dokar tarayya ce a gaba, dukiya ce, aka mayar da ita.

Kafin wannan ma an riga an goge layin 1820. Sanata Stephen Douglas na Illinois ya kawo dokar Kansas da Nebraska a 1854, wadda ta ce mazauna kowane yanki su zaɓa da ƙuri'a ko suna son bauta. Sai aka shiga tseren cika Kansas da mutane. A zaɓen watan Maris na 1855 masu rajista ba su kai dubu 3 ba, amma aka ƙirga ƙuri'a sama da dubu 6, domin mutanen Missouri sun tsallako da bindigogi sun yi aringizo sun koma gida. Kansas ta wayi gari da gwamnati biyu. Fushin wannan doka ne ya haifi jam'iyyar Republican, mai manufa guda: kada bauta ta ƙara taku ɗaya zuwa yamma.

Mako guda na watan Mayun 1856 ya isa misali. Ranar 21 ga wata magoya bayan bauta suka afka wa garin Lawrence, suka ƙona otal, suka farfasa injinan buga jarida. Washegari, a cikin zauren Majalisar Dattawa, ɗan majalisa Preston Brooks na Carolina ta Kudu ya iske Sanata Charles Sumner na Massachusetts zaune yana rubutu, ya rufe shi da duka da kwagiri, wai ya ci mutuncin wani ɗan'uwansa a jawabi. Teburin a kafe yake da ƙasa, ƙafafun Sumner sun maƙale a ƙarƙashinsa, sai da ya tumɓuke shi kafin ya faɗi cikin jini, kwagirin kuma ya kakkarye. Shekara uku Sumner ya yi yana jinya. Tarar dala 300 aka ci Brooks, daga sassan Kudu kuma aka yi ta aiko masa da sababbin sanduna kyauta. Bayan kwana biyu, wani mai tsananin ƙin bauta, John Brown, da 'ya'yansa suka fito da mutum biyar daga gidajensu a Kansas cikin dare suka sassare su.

Masu fatan Kotun Ƙoli ta kashe wutar sai suka ga ta ƙara mata mai. Dred Scott bawa ne da wani likitan soja ya zauna da shi shekaru a Illinois da yankin Wisconsin, inda doka ta hana bauta. Shi da matarsa Harriet suka shigar da ƙara a 1846, suka shekara 11 suna safa da marwa. Ranar 6 ga Maris, 1857, Babban Joji Roger Taney ya karanta hukunci, alƙalai bakwai a kan biyu: baƙar fata, bawa ne ko ɗa, ba ɗan ƙasa ba ne, ba shi da wani haƙƙi da ya wajaba farar fata ya mutunta, kuma majalisa ba ta da ikon hana bauta a kowane yanki. Da haka kotu ta ce manufar jam'iyya guda sukutum haramtacciya ce.

A nan tauraron Abraham Lincoln ya fara haskawa. Lauya ne ɗan jam'iyyar Republican daga Illinois, ya kara da Douglas a muhawara bakwai a 1858, yana cewa ƙasa ba za ta ɗore rabi bayi rabi 'ya'ya ba. Gaskiya ce a faɗa cewa bai yi alkawarin 'yanta kowa ba, har ya faɗa a bainar jama'a cewa ba ya neman daidaita baƙi da fari a siyasa da zamantakewa. Amma ya kira bauta zalunci, ya kuma tsaya a kan kada ta yaɗu. Masu gandu sun fahimci abin da hakan ke nufi sarai. Auduga tana gajiyar da ƙasa, dole sai da sabon fili. Jihohin da babu bayi sun kai 18, nasu 15. In aka killace bauta, farashin bawa zai faɗi, rinjayensu a Washington kuma ya tafi ke nan.

Daren 16 ga Oktoba, 1859, John Brown ya sake bayyana, wannan karon a Harpers Ferry ta Virginia, da mutum 21 a bayansa. Ya kame ma'ajiyar makaman gwamnati da niyyar raba wa bayi. Cikin mutanensa akwai Dangerfield Newby, wanda aka 'yanta amma matarsa Harriet da 'ya'yansu suna hannun wani. Ya tara kuɗin fansa, mai su ya ƙi. Shi aka fara kashewa cikin maharan, kuma aka sami wasiƙun matar tana roƙonsa ya zo ya saye ta da wuri kafin wani ya riga shi. Bayan harin aka sayar da ita Louisiana. Sojoji ƙarƙashin Kanar Robert E. Lee suka kama Brown, aka rataye shi ranar 2 ga Disamba. A garuruwan Arewa aka yi ta kaɗa ƙararrawar coci don jimami, kuma wannan ƙararrawar ta fi harin kansa tsorata Kudu.

Jam'iyyar Democrat ce igiya ta ƙarshe da ta ɗaure ɓangarorin biyu, ita ma ta tsinke a taron Charleston na Afrilun 1860, lokacin da wakilan Kudu suka nemi a yi dokar tarayya mai kare bauta a yankuna, aka ƙi, suka fice. 'Yan takara huɗu suka tsaya. Lincoln bai kai kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'un jama'a ba, a jihohin Kudu goma ma ba a raba takardar ƙuri'arsa ba, amma ya sami wakilan zaɓe 180 cikin 303. Masu bayi sun riƙe shugabancin ƙasar kusan shekara 50 cikin 72, ga shi an naɗa shugaba ba da ƙuri'arsu ba.

Ba su jira ya hau kujera ba. Ranar 20 ga Disamba, 1860, taron Carolina ta Kudu ya zaɓi ɓallewa, 169 babu ko ɗaya mai ja. Mississippi, Florida, Alabama, Georgia, Louisiana da Texas suka bi, suka kafa tasu tarayyar a Montgomery, Jefferson Davis na shugaba. Bayan sun sha kaye a yaƙi, wasunsu sun rubuta cewa 'yancin jihohi suka kare. Takardun da suka sa wa hannu a lokacin sun ƙaryata su. Sanarwar Mississippi ta ce matsayinta ɗaure yake da bauta. Ta Carolina ta Kudu kuwa ƙarar jihohin Arewa ta yi, don sun yi amfani da nasu 'yancin sun ƙi mayar da bayin da suka gudu. Mataimakin Davis, Alexander Stephens, ya faɗa a Savannah ranar 21 ga Maris, 1861, cewa harsashin sabuwar gwamnatinsu shi ne baƙar fata ba daidai yake da fari ba, bauta ce matsayinsa.

Da ƙarfe 4:30 na asubahin 12 ga Afrilu, 1861, igwar farko ta tashi a kan sansanin sojojin Amurka na Sumter da ke bakin tekun Charleston. Jagoran harbin, Janar Beauregard na Kudu, ɗalibin kwamandan sansanin ne, Manjo Robert Anderson, a makarantar soja ta West Point. Bayan awa 34 Anderson ya miƙa wuya, ruwan wutar bai kashe kowa ba. Lincoln ya nemi 'yan sa-kai dubu 75 na kwana 90, sai Virginia, Arkansas, Carolina ta Arewa da Tennessee suka ɓalle su ma. Kwana 90 ɗin suka zama shekara huɗu, sojoji aƙalla dubu 620 suka mutu. Baƙaƙen fata kimanin dubu 180 ne suka sa kakin Arewa kafin a gama, cikinsu har da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta Barno.

A farkon yaƙin Lincoln ya yi ta nanata cewa haɗin kan ƙasa yake karewa, ba zai taɓa bawan kowa ba. Amma mako shida da harbin Sumter, daren 23 ga Mayu, bayi uku, Frank Baker, Shepard Mallory da James Townsend, waɗanda aka sa aikin gina wa sojojin Kudu wurin girka igwa, suka ɗauki kwalekwale suka tsallaka zuwa sansanin Monroe da ke hannun tarayya. Washegari wani hafsan Kudu ya zo da farar tuta yana neman a mayar da su bisa dokar 1850. Janar Benjamin Butler, wanda lauya ne kafin ya sa kaki, ya amsa cewa Virginia ta ce ita wata ƙasa ce daban, to dokar Amurka ba ta aiki a kanta, kuma tunda an yi amfani da mutanen a aikin yaƙi, zai riƙe su a matsayin ganima. Labari ya bazu a gandaye. Bayan kwana kaɗan wasu suka iso, mata da goyo, tsofaffi da ƙunshin kaya a ka, kuma kafin ƙarshen Yuli sun kai wajen 900. Sansanin yana kan tsinin ƙasar da ake kira Point Comfort, inda a watan Agustan 1619 wani jirgi ya sauke 'yan Afirka ashirin da 'yan kai, aka musanya su da abinci.